Hukuncin Tsayawa Takarar Kansila, da Wanda Ya Kamata Ya Biya Kuɗin Takarda

Akwai wata mas'ala da ta kan taso a zaurukan karatu da rumfunan kasuwa duk sa'ad da aka buga gangar zaɓen ƙananan hukumomi, watau ko ya halatta mutumin kirki ya tsaya neman kujerar kansila, ko kuwa ya nisance ta kamar yadda a ke nisantar mushe. Jama'a sun rabu biyu a kanta. Waɗansu sun ce neman mulki abin hani ne, wanda ya miƙa masa hannu ya riga ya nuna bai cancanta ba. Waɗansu kuwa sun ce zamani ya sake, kowa ya iya allonsa ya wanke. Ana cikin wannan gardama kujerar ta kan faɗa hannun wanda bai taɓa tambayar hukuncinta ba.

Masu hani suna da hujja mai ƙarfi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdurrahman ɗan Samura roƙon shugabanci, ya kuma rarrabe masa tsakanin wanda aka ɗora wa ba da roƙonsa ba, wanda ke samun taimako a kai, da wanda ya roƙa, wanda a ke bari da kayansa. Muslim kuma ya kawo labarin Abu Zarri, sahabi mai tsananin gudun duniya, da ya nemi a ba shi aiki aka hana shi saboda rauninsa, aka tuna masa nauyin amana. To, in an hana Abu Zarri, wane ne wane? Amma malamai ba su tsaya nan ba, domin a cikin Suratu Yusufa an ga annabin Allah da kansa ya nemi a ɗora shi bisa taskokin ƙasar Masar, ya kafa hujja da abu biyu, iya tsarewa da sanin aiki, a lokacin da yunwar shekara 7 ke tafe. Saboda haka fukaha'u suka kasa mas'alar kashi kashi. Wanda ya karanta babin alƙalanci a Muhtasar na Shaihu Halilu ya san nema ya kan zama wajibi a kan wanda babu mai cancanta sai shi, ko wanda ya ji tsoron haƙƙin mutane zai tozarta in bai karɓa ba, ya kan kuma zama haramun ga jahili da mai nufin duniya. Kansila dai ba alƙali ba ne, amma dalilin hukuncin ɗaya ne, watau tsaron haƙƙin bayin Allah. Ashe ba a yanke wa nema hukunci guda. Sai an dubi mai neman, an dubi abin da zai auku in ya ƙi, an kuma dubi hanyar da ya biyo.

Mutane da yawa sun raina wannan kujera don ƙanƙantarta, alhali kuwa ta fi kowace kujera kusa da ƙofar gidan talaka. Tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a jadawalinsa na 4, wanda ya karanta kuwa zai ce an leƙa kasuwa da unguwa ne aka rubuta. Kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a suna ciki. Maƙabartu suna ciki, da gidajen gajiyayyu. Haka hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da kwashe shara, da lasin na keke da amalanke da baro da kwalekwale, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da lura da kantuna da gidajen abinci da na burodi. Tana kuma da hannu, tare da gwamnatin jiha, a makarantun firamare da yaƙi da jahilci da aikin gona da asibitocin sha-ka-tafi. Ɗan kasuwar da a ke yanka wa rasit uku rana ɗaya a kan buhu ɗaya, da malamin da ruwan kwata ke shiga zauren almajiransa kowace damina, da jama'ar da suka kai gawa suka tarar an gutsure gefen maƙabarta an yi fuloti, duk a wannan majalisa ya kamata a fara jin kukansu. Kansiloli zaɓaɓɓu su ke yin ƙananan dokokin yanki, su ke duba kasafin kuɗin shugaba su yarda ko su ƙi, saɓanin kansiloli masu gafaka, waɗanda naɗa su a ke yi don su riƙe sassan aiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya sa kula da masu sana'a da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin abin da ke wuyan shugaba, a littafin nan kuma ya tsoratar a kan kwaɗayin sarauta. Bai ga wani saɓani tsakanin biyun ba.

Dukiyar da ke bin wannan hanya ma ba kaɗan ba ce. Rabon ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin 100. Shekaru da yawa kuɗin ya kan sauka a asusun haɗin gwiwa na jiha, gwamnoni da yawa kuma suka saba naɗa kantomomi da kwamitocin riƙo maimakon su yi zaɓe. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa naɗin nan ya saɓa wa tsarin mulki, kuɗin kuma a biya shi kai tsaye ga majalisun da jama'a suka zaɓa. Yanke hukunci dabam, zartaswa dabam, domin har cikin 2025 ma'aikatan ƙananan hukumomi suna ta kukan kuɗin bai fara zuwa kai tsaye ba. Duk da haka hujja ta riga ta shiga hannu, ran da aka zartar kuwa sai a ga ko su wa aka zaunar a bakin rumbun.

Wannan kujera ba daga sama ta faɗo ba. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya kawo batu a sake duban tsarin En'e, domin talaka ba shi da baki a cikinsa. A watan nan dai aka kafa NEPU a Kano, wadda ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'a da malaman zaure da yawa suka bi, waɗansunsu har suka sha ɗauri. A 1952 aka daina lissafa sarki shi kaɗai a matsayin En'e, sai tare da majalisarsa, a 1954 aka yi dokar En'e ta Jihar Arewa. Sa'an nan a 1976 gwamnatin soja ta kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, a zaɓen shekarar nan ne kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Yau ana da 774. Kano kaɗai tana da 44, masu mazaɓu 484. Abin da kakanni suka sha wuya kafin su samu, bai kyautu jikoki su yar da shi a juji suna cewa ƙazanta ce ba.

Mai son shiga sai ya san ƙofa. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya wannan zaɓe, in banda Abuja. Kowace jiha da dokarta, amma galibinsu sharuɗɗan ɗan majalisar jiha suka ɗauko. Sai mutum ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekarun da aka yanka, sunansa na cikin rajistar masu zaɓe. Ba mai taɓin hankali ba, ba wanda kotu ta tabbatar bashi ya karya shi ba, ba ɗan ƙungiyar asiri ba, ba wanda aka ɗaure kwanan baya kan zamba ba. Ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aikinsa tukuna. Akwai rantsuwa, akwai masu sa hannu daga mazaɓarsa, akwai zaman tantancewa. A Kano ma an ƙara da gwajin shan ƙwaya, abin da ya isa ya nuna irin mutanen da a ke tsoron su zo wannan ƙofa.

Sharaɗi biyu ne suka fi shafar masu karanta wannan shafi. Na farko jam'iyya. A zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1987, zamanin Janar Babangida, mutum da sunansa ya ke tsayawa, babu jam'iyya. Tsarin 1999 bai bar wannan hanya ba. Sai jam'iyya ta tsai da mutum. Na biyu takarda. Ana neman ilmin da ya kai na gama sakandare ko makamancinsa. To, ga alaramma ya haddace izu 60 ya rubuta da ka, ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, yana raba gado ba ya kuskuren anini, amma a teburin tantancewa yaron da ya fita aji 6 da kyar ya fi shi hujja. Wannan tauye mudu ne, ya kuma kamata wakilai su gyara. Kafin a gyara kuwa akwai hanya. Sashe na 318 na tsarin mulki ya faɗaɗa ma'anar makamancin har ta haɗa da mai takardar firamare wanda ya yi aiki shekara 10, ya yi kwas da jimlarsa ta kai shekara 1, yana kuma iya karatu da rubutu da Turanci. Hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, watau NBAIS, tana ba da takardar da a ke ɗauka daidai da ta sakandare, almajiri mai himma kuwa ba za ta gagare shi ba. Abin da bai halatta ba faufau shi ne sayen takardar jabu, domin wanda ya buɗe aikin amana da rantsuwar ƙarya ya riga ya faɗa wa jama'a yadda zai rufe shi.

Saura babbar magana, watau kuɗi. A 2024 hukumar zaɓe ta Jihar Kano ta yanka wa takardar tsayawa shugabancin ƙaramar hukuma naira miliyan 10, ta kansila miliyan 5. Aka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta hana karɓar wannan adadi, sai aka mai da shi miliyan 9 da miliyan 4. Ba Kano kaɗai ba ce. Waɗansu jihohin Arewa ma miliyoyi suka yanka a shekarar nan. 'Yan kasuwa sun fi kowa lissafi, sai a ɗauki alƙalami. A watan Yuli na 2024 aka sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Mai wannan albashi, in bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi wata 57 da 'yan kwanaki, watau shekara 4 da wata 9, kafin ya tara miliyan 4. In kuwa wa'adin kujerar shekara 3 ne, wata 36 ke nan, sai kansila ya riƙa ware fiye da naira 111,000 kowane wata har ya sauka kafin ya mai da kuɗin takarda kaɗai. Ba a sa kuɗin fom na jam'iyya ba, ba a sa hotunan da a ke liƙawa a bango ba, da hayar motoci, da abincin 'yan rakiya, da sallamar wakilan akwati, da goron da a ke kai wa manya da dare.

Wanda ya zuba irin wannan dukiya ɗayan uku ne. Ko mawadaci ne ƙwarai da ya yi sadaka da ita ya manta, irinsa kuwa ba su da yawa. Ko jari ya ɗauke ta, yana jiran uwa da riba. Ko kuwa wani ne ya biya masa. Na biyu zai mai da kuɗinsa daga rabon rumfuna da rasit na tasha da kwangilar kwalbatin da ba a gina ba. Na uku ya fi ban tausayi, domin shi ko bakinsa bai mallaka ba. Ran da aka kawo kasafi gaban majalisa, ya ga an rubuta rijiyar burtsatse a unguwarsu wadda tun bara aka ce an haƙa ba a haƙa ba, zai buɗe baki ya tuna wanda ya saya masa takarda, sai ya sa hannu ya yi shiru. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Mutane su kan zagi irin wannan kansila su ce ya ci amana, amma in an bi diddigi amanar wanda ya aike shi ya riƙe. Su masu zagin ba su aike shi ba, ba su ba da ko kwabo ba, ran zaɓe ma waɗansunsu karɓa suka yi.

Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a ɗauki tsai da wakili nagari farilla ta kifaya a kan mutanen mazaɓa, kamar wankan gawa da sallarta: in waɗansu sun yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya ɗauki laifi. Dattawan unguwa da shugabannin layukan kasuwa da malamai su zauna su duba wanda ya dace, su je har zaurensa su roƙe shi. Wanda aka je wa haka ya fita daga cikin masu roƙon mulki, ya shiga cikin waɗanda aka ɗora wa, hanin da ke cikin hadisin kuwa bai same shi ba. Sa'an nan waɗanda suka roƙe shi su ɗauki nauyin roƙonsu. Mutum 2,000, kowa ya ba da naira 2,000, miliyan 4 ta haɗu. 'Yan kasuwar da ke zuba adashi kowace rana ba za su ce wannan sabon abu ne ba, matan cikin gida masu sana'a ma, da su ke da ƙuri'a kamar kowa, bai kamata a manta da su a shawara ko a karo-karo ba. A yi littafi, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, a karanta a bainar jama'a, a kuma yanka iyakar da mutum ɗaya ba zai wuce ba, don kada attajiri ɗaya ya shigo ta taga ya zama uban gida. Kada a taɓa kuɗin masallaci, kada a taɓa zakka, domin Alƙur'ani ya ƙayyade ta ga kashi 8, takardar takara kuwa ba ta cikinsu. Wannan ba ya hana a ci gaba da matsa wa 'yan majalisar jiha su rage kuɗin takardar, tun da sashe na 7 na tsarin mulki ya ba duk mai ikon tsayawa majalisar jiha ikon tsayawa ƙaramar hukuma, haƙƙin da sai mai miliyoyi ke iya taɓawa kuwa sunansa kaɗai ya rage.

Mai ja zai ce duk wannan wahalar banza ce, an san sakamako tun ba a buɗe akwati ba. Ba a musa masa sarai. A zaɓukan 2024 NNPP ta kwashe shugabanni 44 da kansiloli 484 na Kano, APC ta kwashe shugabanni 23 da kansiloli 255 na Kaduna, PDP ta kwashe shugabanni 20 na Bauchi. Jam'iyya uku, hali ɗaya: wadda ke riƙe da gidan gwamnati a lokacin ita ta lashe. Ko a kasuwa, mudun da kullum ya ke cika wa mai shi yana gaza wa baƙo, a kan kai shi wurin sarkin kasuwa a duba gindinsa. Amma a Abuja, inda hukumar zaɓe ta tarayya ke shiryawa, a Fabrairu 2022 APC ta ci 3, PDP ta ci 3. A Kaduna kanta, a 2018 sa'ad da aka yi zaɓe da na'ura, 'yan hamayya sun ci waɗansu ƙananan hukumomi. Ashe abin aikin mutane ne, ba halitta ba. Bayan wannan, inda jam'iyya ɗaya ke lashewa, zaɓen ya koma cikin jam'iyyar ne, ran zaɓen fid da gwani, ko ran da shugabannin mazaɓa suka shiga wani zaure suka yi abin da a ke kira maslaha. Babu gwamnan da ya san mutum 484 ɗaya ɗaya. Tambaya ya ke yi a kawo masa suna. In babu kowa a zauren sai 'yan jagaliya, sunan ɗan jagaliya za a kai. In kuwa mahauta da 'yan hatsi da 'yan koli da iyayen almajirai sun zo da suna ɗaya da littafinsu a hannu, masu maslaha sai sun yi tunani kafin su ture shi, domin sun san gobe za su dawo neman ƙuri'ar waɗannan mutane a babban zaɓe.

Wa za a tsayar? Malamin da ke da almajirai a gabansa ya fi kyau ya zauna bisa buzunsa. Iyaye sun ba shi amanar 'ya'yansu tun kafin a zo da zancen kujera, ba a kuwa sakin amanar da ke hannu don wadda ke tafe. Limami ya fi shi bukatar kamewa, zama bayansa 'yan kowace jam'iyya ke sahu, ran da aka ga hotonsa a bango kuwa rabin unguwa sun rasa wanda zai sulhunta su. Aikin malamai a nan shi ne tantancewa ta gaskiya, wadda ta fi ta ofis, domin su suka san yaron unguwa tun yana wanke allo. Ɗan kasuwa yana iya tsayawa, da sharaɗin ya faɗa tun farko cewa shi da ƙannensa ba za su karɓi rumfa ko kwangila daga majalisar da ya ke ciki ba. Wanda ya fi dacewa sau da yawa shi ne tsohon almajirin da ya haɗa karatu biyu, yana da sana'ar da ke ciyar da shi, yana iya karanta takardar kasafi ya gane inda aka ninka lamba. A tambayi abokan cinikinsa yadda ya ke biyan bashi, a tambayi maƙwabtansa, a tambayi wanda ya taɓa ba shi ajiya. Yawan zuwa sahun gaba da farin rawani ba su isa shaida ba. Abu Zarri ya fi kowa a wannan, aka kuwa hana shi.

Doka ta wajabta wa kansila ya rubuta dukiyarsa ya kai Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata in ya hau, in kuma ya sauka. Sayyidina Umar ya riga ta, domin ya kan sa a rubuta abin da gwamna ya mallaka ran naɗinsa, in ya ga ƙari mai yawa daga baya ya raba shi da shi. Takardar da ke kwance a ofis ba mai ganinta a unguwa, saboda haka waɗanda suka tara kuɗin suna da ikon su ce ya karanta musu ita da bakinsa, su kuma yanka masa lokaci, ko bayan kowane wata 3, da zai zo zaure ya faɗi abin da ya shigo wa ƙaramar hukuma da abin da ya iso mazaɓarsu. A rubuta wannan alkawari gaban shaidu kafin a biya kuɗin takarda, kamar yadda a ke rubuta bashi.

Sanarwar zaɓe ta kan fito da ƙurarren lokaci, jam'iyyu kuwa su kan rufe sunaye cikin 'yan makonni, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Mutumin da a ke son tsayarwa, tun yanzu a duba ko katin zaɓensa na mazaɓar da ya ke zaune ne, in na garinsu ne ya nemi a mai da shi. Ya yanki katin jam'iyya ya riƙa halartar taron mazaɓa. In takardar makaranta ce ta rage masa ya shiga jarrabawa bana. Ma'ajin littafin karo-karo kuma a zaɓe shi daga waɗanda ba danginsa ba.